Fiton Baba Barka

Ni dai a taɓa min aiki shi ne abin da ba na yafewa da wuri. Ka zage ni, zan rama mu wuce wurin. Amma in zauna in sunkuya har wuyana ya ƙage ina jera haƙora, sannan wani ya sa hannu ya ɓata, to ranar har mai gadin ƙofa sai ya ji muryata.

Sunana Housseina. Iyayena mutanen Damagaram ne, ni kuwa a nan Sabha, cikin ƙasar Larabawa, aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan na yi aure. Aikina haɗa haƙoran roba a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin haƙori na Doktora Hanan. Ita ke duba bakin mutum ta ɗauki awonsa. Ni kuma in zuba jibs, farin garin nan da ke daskarewa in an kwaɓa shi, in fitar da siffar bakin, in jera haƙora cikin kaki, a gwada wa mai su. In sun zauna in dafa su su koma roba mai ƙarfi, in goge su har su yi sheƙi. Yawancin masu haƙoran ban taɓa ganin fuskarsu ba, bakinsu na jibs kawai na sani. Sai in an kawo wanda ba ya jin Larabci ne Doktora ke leƙowa ta ce in zo in yi tafinta.

Ta haka na san Baba Barka. Dattijo ne dogo siriri, mutumin wajen Tanout, ya daɗe yana kiwon tumaki a gonar wani Haj Mansour can ƙauyen Samnu. Wata safiya yana tayar da injin ban ruwa, hannun injin ya kuɓuce ya doke shi a baki, haƙoran gaba na sama guda huɗu suka tafi. Haj Mansour da kansa ya ɗauko shi a mota ya kawo shi. Da dasashin ya warke aka ɗauki awo, na yi masa haƙora. Ba yabon kai ba, aikin ya yi. Na zaɓo kalar da ta dace da sauran haƙoransa, har ɗan jan goro na sa musu don kada su fita daban a bakin tsoho. Na jera su reras, ko tsinin allura ba zai shiga tsakaninsu ba. Ya duba madubi, ya yi godiya, ya sa min albarka, ya tafi.

Bai daɗe ba ya dawo, wai suna matse shi. Doktora ta duba, ba ta ga inda suka ci masa nama ba, amma ta ɗan sassauta ƙugiyar da ke riƙe su. Ya sake dawowa, wai sun yi masa nauyi. Nauyi! Abin da bai fi ƙwallon dabino ba. Na ce wa Doktora wannan tsoho dai yawon Sabha yake so, ya gaji da kallon tumaki.

Zuwansa na gaba, Doktora ta shigo ɗakina da wani abu ƙunshe a auduga. Ta ajiye a gabana, ta ja da baya.

"Housseina, yi min alkawari ba za ki yi ihu ba."

Na buɗe. Innalillahi! An sa abu mai kaifi an yanka tsakanin haƙoran tsakiya guda biyu, an yi musu wani mummunan giɓi a karkace, kuma yankan ya zarce har ya tsaga robar da ke kwanciya a ganɗa. Tun da ban yi alkawarin ba, na yi ihuna. Na fito da rigar aiki duk jibs, na tarar da shi zaune a kujerar duba baki ya haɗa gwiwoyi.

"Baba, wa ya yi wannan aika-aika?"

Ya ja rawani ya rufe bakinsa. "Ni ne, ɗiyata."

"Da me?"

"Da guntun zarto na yankan ƙarfe."

"Zarto! Haƙoran da na lallaɓa na goge da ƙyalle mai laushi, su ka sa wa zarto? Ƙofar garke ce? In ba ka so ka ce ba ka so mana, Baba, akwai masu nema!"

Doktora tana ta taɓa hannuna tana cewa in sassauta. Shi kuwa bai ɗago ba. Sai da na sauke duk abin da ke cikina, sannan ya ce a hankali, "Ki yi haƙuri. Aikinki ba shi da aibu. Fito ne ba ya fita."

Na ce, "Wane fito kuma?"

Sai ya warware min. Ashe kafin injin ya doke shi yana da wushirya, kuma ta cikinta yake yi wa tumakinsa fito. Akwai na kira, akwai na tsayawa, akwai na juyawa gida, duk sun san su. Gwiwoyinsa sun daɗe da lalacewa, ba ya iya bin dabba da gudu, amma bai taɓa damuwa ba, tun da daga inuwar dabino yake juya garken da bakinsa. Da haƙoran suka zube, fito ya tafi. Ya ɗauka in an sa sababbi zai dawo, sai ga shi na toshe masa ƙofar ruf. Yanzu tumakin sun raina shi. Sun shiga gonar maƙwabci ba sau ɗaya ba, sun cinye masa safsafa, ciyawar nan da ake shukawa don dabbobi, har magana ta kai gaban dattawan gari. Haj Mansour ya ce ba ya son rabuwa da shi, amma in abin bai gyaru ba dole ya kawo makiyayi mai ƙafa, shi kuma ya koma gida.

"In koma gida in yi me?" in ji shi. "Nawa garken, fari ya cinye shi tun ba a haife ki ba. Waɗannan kuwa, a hannuna aka haifi kakanninsu."

"To don me ba ka faɗa ba tun zuwan farko? Ka tsaya kana ce mana nauyi, matsi?"

"Haba ɗiyata. Da furfurata in zauna gaban mata biyu in ce a gyara min baki in yi fito?"

Nan fa na gane. A gidanmu, in yaro ya yi fito, kafin ya rufe baki Inna ta make masa leɓe, ta ce yana kira mana aljanu. Fito aikin marasa kunya ne, dattijo ba ya yi gaban mutane. Haushin ya tafi, tausayi ya kama ni, amma ban nuna masa ba. Na ce, "Ko ma mene ne, ba a sa wa haƙori zarto."

Na juya wa Doktora maganar da Larabci. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta share ido ta ce ita duk karatunta an koya mata tauna, an koya mata magana da murmushi, amma ba wanda ya taɓa yi mata zancen fito. Ta ce, "Ni da ke za mu koya a bakinsa."

Muka sake sabon awo. Na jera wasu haƙoran cikin kaki, wannan karon na bar 'yar ƙofa a tsakiya. Muka sa shi ya zo da la'asar, bayan masu jira sun watse, muka rufe ƙofa don kada kunya ta hana shi. Doktora ta sa masa, ya cika ƙirji ya hura. Fuuu, iska zalla. Ta cire ta miƙo min, na ɗumama wuƙar kaki a wuta, na ƙara buɗa su, na tsoma a ruwan sanyi don kakin ya daskare, ta mayar. Fuuu. Na matse su. Fuuu, har da yawu a gilashin Doktora. Ga zafin gari, ga zafin baki, kakin ba ya jimawa sai ya saki, haƙoran su fara tafiya inda suka ga dama, sai an koma ruwan sanyi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka ja kujera bakin taga muka ci gaba.

Doktora ce ta lura harshensa ba ya samun wuri, kakin da ke bayan haƙoran ya yi kauri. Na kankare shi har ya kusa zama takarda. Ta mayar. Baba Barka ya lumshe ido ya hura, sai ga wani fito siriri mai kaifi ya tsaga ɗakin. Muka daka tsalle kamar yara, Doktora ta rungume ni. Shi kuwa ya karkata kai ya sake yi, ya saurara.

"Ya yi kusa," in ji shi.

"Kusa ko nesa, Baba, fito dai fito ne. Tumaki ne, ba alƙalan musabaƙa ba."

Na dafa su yadda suke, ban bari ko gashi ya motsa ba. Ya karɓa ya koma Samnu, ni kuma na kwana ina jin kaina.

Ba a rufa mako ba ya kira wayar asibiti, aka miƙo min. Muryarsa ta yi sanyi. "Ɗiyata, suna ɗago kai su dube ni, sai su mayar da baki ƙasa. Ba su san muryar ba." Ya ce Haj ya riga ya yi magana da wani makiyayi, in an wuce Juma'a zai zo ya karɓi garken. Ya ce ya kira ne kawai ya yi godiya, don kada in ji labari a bakin wani in ɗauka bai gode ba.

Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba. Na koma gida na kasa cin abinci. Maigidana Hamidou, direba ne, ya tambaye ni, na kwashe duka na faɗa masa, na ce ranar Juma'a zai kai ni Samnu.

"Ki yi me a Samnu?"

"Masu duba aikin suna can. A gabansu zan gyara."

Ya ajiye cokali ya dube ni. "Yanzu ke Housseina, da ko ni ba na isa in ce miyarki ta yi gishiri, tumaki ne za su duba miki aiki?"

"Za ka kai ni ko in nemi mota?"

Ya kai ni. Doktora ma ta ce ba za a yi ba ita ba, don ita ce mai sa hannu a bakin mutum, ni nawa iyakarsa roba. Bayan an sauko Juma'a muka ɗauki hanya. Na rungume akwatina a cinya, da ƙaramin injin gurza mai batir, da magagari siriri, da gorar ruwa. Muka wuce Tamanhint, a shingen hanya aka leƙo aka ga mata biyu da akwati, Hamidou ya ce aikin asibiti ne, aka ɗaga mana hannu. Duk hanyar abu ɗaya nake juyawa a raina. Kaki ana ƙara shi ana rage shi, amma robar da aka dafa, abin da ka gurje ya tafi ke nan. In na zarce, sai dai a koma farko, kuma kafin a gama wani ya riga ya karɓi sandar kiwo.

Haj Mansour ya tarbe mu a bakin gona, gajere mai farin gemu, ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar dabino ya ɗora shayi. Hausarsa ta kasuwa ce. "Barka mutum mai kyau," in ji shi. "Amma tumaki babu ji. Maƙwabci fushi da yawa. Ni yaya?" Na ga shi ma abin yana cinsa.

Garken yana can ƙarshen fili, suna kiwo suna matsawa a hankali wajen shingen ganyen dabino da ya raba su da gonar maƙwabci. Ta bayan shingen safsafa ta yi kore shar, ko ni da ba tunkiya ba sai da na ji sha'awa. Akwai wurin da shingen ya faɗi, kuma can suka nufa. A gabansu wata tsohuwar tunkiya ce mai yagaggen kunne. Baba Barka ya ce ita ce uwar garke, inda ta sa ƙafa nan sauran ke bi. Ya zo yana ɗingishi, duk ya rame, ƙafafunsa sun kumbura don bin su da yake yi tun safe.

Na ce ya yi in ji. Ya yi. Fito mai kyau, tas da shi. 'Yan kaɗan suka ɗago, suka dube mu, suka ci gaba da abin da ke gabansu. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na tunkiya ba.

"Baba, rufe idonka," na ce. "Manta da madubi. Ka sa harshenka inda yake zama da can in za ka kira su. Me yake taɓawa?"

Ya rufe ido. Bakinsa yana motsi a hankali. Can ya buɗe ido.

"Af! Na hagun nan ba cikakke ba ne. Gefensa a ɓalle yake, tun ina saurayi wani rago ya tunkuye ni. Nan bakin harshena yake kwanciya. Wallahi na manta da shi, na saba."

Ka ji fa. Wato haƙorin da na zaɓa na goge, lafiyayye, shi zan ɓalle wa kusurwa da hannuna. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da wannan rago," Hamidou ya tuntsire da dariya. Doktora ta cire haƙoran ta wanke ta miƙo min. Na kunna injin na taɓa gefen kaɗan, na ɗauraye, ta mayar. Ya hura. Muryar ta ɗan yi ƙasa, ta rage kaifi. Tumaki da dama suka ɗago, wannan karon sun ɗan jima suna kallo kafin su sunkuya.

"Ƙara," in ji shi.

Na ajiye injin, na ɗauki magagari. Na ja kaɗan. Aka mayar, ya hura. Uwar garke ta motsa kunne amma ba ta juyo ba. Ta riga ta kai bakin wurin da shingen ya faɗi, sauran sun taru a bayanta. Haj Mansour ya miƙe ya tattare rigarsa, ya ɗauki sanda zai ruga. Hamidou ma ya cire takalmi.

"Haj, tsaya," in ji Baba Barka. Ya cire haƙoran da kansa ya miƙo min. "Ƙara, ɗiyata. Ta ciki, ba ta waje ba."

"Baba, in na zarce babu komawa."

"Na sani. Ƙara."

Na yi bisimilla. Na kwantar da magagarin ta ciki, na ja shi sau ɗaya a karkace, na ji ya ci. Ban ko tsaya dubawa ba, na watsa ruwa na miƙa wa Doktora, ta danna masa.

Ya cika ƙirji. Abin da ya fito ba irin na ɗazu ba ne. Dogo ne, mai ɗan kaushi, ya hau sama sannan ya karye a ƙarshe yana rawa. In da a asibiti na ji shi, da na ce ya lalace.

Uwar garke ta tsaya cak, ƙafarta ɗaya a cikin gonar maƙwabci. Ta juyo da kai. Ya sake yi. Sai ta yi wani kuka mai ƙarfi, ta janye ƙafar, ta taho da gudu, tsohuwa da ita har tana tuntuɓe. Garken gaba ɗaya ya juyo a bayanta. Ƙasa ta ɗauki rugugi, ƙura ta tashi, 'yan raguna suna tsalle suna kuka. Kafin in tattara kayana sun iso, sun kifar da butar shayi, sun tattake tabarma, sun ture ni gefe kamar ba ni na yi aikin ba. Suka kewaye shi suna gogar ƙafafunsa, uwar garke ta cusa kai cikin rigarsa.

Ban san lokacin da na saki guɗa ba. Ni da ban yi guɗa ko a bikin ƙanwata ba! Doktora tana tafi tana kuka, Hamidou yana ta kabbara da takalmi a hannu. Baba Barka ya yi wani gajeren fito, suka tsaya tsit. Ya yi wani mai lanƙwasa, suka juya suka nufi rijiya a jere, ba wadda ta ko kalli safsafa. Yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ga giɓi, ga ɓallen haƙori. Ban taɓa fitar da haƙora marasa kyan gani irin waɗannan ba, kuma ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Haj Mansour ya jefar da sandar. Ya kama kan Baba Barka da hannu biyu ya sumbaci rawaninsa. "Babu wani makiyayi," in ji shi. "Kai da tumaki, tumaki da kai. Khalas, an gama." Ya ciro waya ya koma gefe yana magana da Larabci da ƙarfi, na ji yana ba wani haƙuri yana cewa ba sai ya zo ba.

Baba Barka ya tsaya yana kallon garken har suka kai bakin ruwa. Sannan ya dafa kututturen dabino, ya sauka a hankali, ya zauna a ƙasa. Ya miƙe ƙafafun nan kumburarru, ya jingina bayansa, ya sauke wani dogon numfashi.

"Tun ranar da injin ya doke ni," in ji shi, "ban zauna a wurin kiwo ba." Ya dubi butar da ke kife cikin yashi. "Hamidou, ɗana, a sake ɗora mana shayin nan."